Akwatin DI a Gefen Mikisa: Wajibi ne ko Israfi?

Duk wanda ya keɓe ɗaki guda a gidansa domin ɗaukar sauti, ya tattara abin da Allah ya hore masa ya sayi mikisa da makirfo da lasifika biyu, da wuya ya bar kasuwa mai kanti bai miƙo masa wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, wanda ma'abota sana'ar ke kira akwatin DI, yana mai rantsuwa cewa aiki ba ya kammala sai da shi. Ba a yanke hukunci a kan wannan mas'ala sai an san illar da aka ƙago akwatin domin ya kawar.

Asalin illar daga jitar lantarki yake, ita da 'yar'uwarta mai kaurin murya da ake kira bes. Abin da ke ɗaukar amon tsirkiyarsu maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, kuma lantarkin da yake haifarwa rarrauna ne ƙwarai, ba ya isa da cikar kamanninsa sai ya tarar da mashiga mai turjiya babba, wajen om 1,000,000, alhali kafar da aka tanadar wa fiyano da makamantansa a jikin mikisa ba ta cika wuce om 10,000 ba. In aka soka jita a wannan kafa kai tsaye, sai zaƙin sautin ya zube a hanya, abin da ya saura ya fito a dusashe kamar mai magana ta cikin bargo. Aikin akwatin a nan aikin tafinta ne: ya karɓi zance daga bakin jita, ya mayar da shi irin wanda kafar makirfo ke fahimta. Wani da ɗan taransifoma yake yin haka, ba ya bukatar wuta. Wani kuwa sai da batir mai bolt 9, ko bolt 48 ɗin nan da mikisa ke turowa ta wayar makirfo, kuma shi ya fi dacewa da jitar da ba ta da batir a cikinta. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarun 1960 wani injiniya mai suna Ed Wolfrum yake ƙera irinsa a birnin Ditroyit na Amurka, garin da kamfanin Motown ya riƙa ɗaukar bes ɗin James Jamerson kai tsaye ba tare da an kafa makirfo a gaban lasifika ba.

Fa'ida ta biyu ta shafi nisa. Wayar jak ta yau da kullum, in ta haura mita 6 ko kusa da haka, takan fara kwasar hayaniya, amma wayar makirfo mai baki uku, wadda ke fita daga akwatin, tana ɗauke da sautin sau biyu, ɗaya daidai ɗaya a juye, ta yadda in sun isa mikisa aka sake juya na biyun, sai sautin ya ƙarfafa, hayaniyar da ta shige su a hanya kuwa ta kashe kanta. A filin biki ko dandalin taro wannan babbar ni'ima ce. A ɗakin da mutum zai miƙa hannu daga kujera ya taɓa kowane inji, ba ta da wani tasiri.

Saboda haka mai ɗakin da jarinsa fiyanon Yamaha ne da makirfo, kamar yadda akasarin waƙoƙin finafinan Kano suka ginu a kai, ba shi da hujjar sayensa, gama fiyano da ƙarfinsa yake fitowa, gajeriyar waya ta wadatar. Haka kuma wanda ya duba jikin mikisarsa, ko na'urar da ke sada shi da kwamfuta irin su Focusrite Scarlett, ya ga maɓalli an rubuta Hi-Z ko INST, to tafintan yana ciki, an riga an biya kuɗinsa.

Sai dai akwai wani hali da na gani da idona, wanda ya sa ba na yi wa akwatin kallon raini. Mun taɓa kwana muna fama da wani gurnani a lasifika, mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka, da zarar an cire cajar kwamfuta ya ɗauke, da an mayar ya dawo. Sababinsa shi ne injuna biyu sun haɗu ta wayar ƙasa ta hanyoyi biyu, sai wutar gida, wadda a ƙasashenmu take kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta sami zoben da take kewayawa. Wani yaro ya kawo shawarar a karya ƙafar filogi ta uku, wadda kuwa ita ce ke tsare rai ranar da wuta ta zubo a jikin inji. Muka hana shi. Da gari ya waye aka aro akwati mai taransifoma, aka danna maɓallin da ke raba wayar ƙasa ta ɓangaren sauti kaɗai, ɗakin ya yi tsit.

Hukuncina dai shi ne: wajibi ne ga mai jita ko bes wanda mikisarsa ba ta da kafar Hi-Z, mustahabbi ne ga mai fama da gurnani ko mai fita aikin fili, ga wanda ba ya cikin waɗannan kuwa israfi ne. In kana cikin kashi na ƙarshe, ya kai mai karatu, kai kuɗin wajen labule mai kauri da katifar da za ka jingina a bango, don amsa-kuwwar ɗakinka ta fi rashin akwatin ɓata maka aiki.