Ruwan Randa da Inuwar Gawo

 A shirinmu na yau, iyakar tafiyarmu ƙofar gida ce, da gona, da bakin kasuwa. Za mu yi magana ne a kan ƙananan alherai da muke wucewa ta gabansu kullum, har ido ya saba da su ya daina ganinsu.

Mu fara da randa. Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan birnin Kano, ko Katsina, ko Damagaram a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda maƙogwaro ke bushewa har yawu ya ƙi haɗiyuwa. Kana cikin wannan hali sai ka hango randa a ƙofar wani gida, ko a gindin darbejiya kusa da masallaci. An kafa gindinta a cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, an kifa moɗa a kai. Babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗi. Ɗan dako ya tsaya ya sha, almajiri ya sha, baƙon da ya sauka daga mota bai san kowa a garin ba shi ma ya sha, ya shafa sauran a fuska, ya mayar da moɗa, ya kama gabansa. Yawancinsu ba su san sunan mai gidan ba. Amma fa randa ba ta cika kanta. Wani ne ya tashi da sassafe ya wanke ta, ya sayi ruwa da kuɗinsa ya zuba. Sau da yawa wata dattijuwa ce can cikin gida take riƙe da wannan aiki a ranta, da rana ta take sai ka ji muryarta: "Kai, Audu, leƙa ka ga ko randar waje ta ƙare."

To, me ya sa ruwan randa yake da sanyi alhali babu wutar lantarki babu ƙanƙara? Yumɓun da aka gina ta da shi yana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan randar, shi ya sa idan ka taɓa jikinta za ka ji danshi. Iska mai bushewa tana busar da wannan danshi, kuma duk ruwan da ya bushe yakan tafi da zafi tare da shi, sai abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Iskar ƙasarmu ta rani da bazara busasshiya ce ƙwarai, saboda haka a daidai lokacin da muka fi bukatar sanyin ne randa ta fi aiki.

Kakanninmu sun san wannan tun fil azal. Amma a shekarun 1990 wani malamin makaranta a jihar Jigawa, Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya tsaya ya dubi randa da kyau, ya yi wa kansa tambaya: idan tana sanyaya ruwa, me zai hana ta sanyaya tumatir da yalo? Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe saman da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ke nan, iyakar fasahar ke nan. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27 bai yi komai ba. Tumatir da tattasai suka yi makonni. Manomin da a da dole ya sayar da kayan lambunsa ranar da ya tsinka, ko nawa aka taya, ya samu sararin jira. 'Yan matan da ake ɗora wa talla kullum don kada kaya su ruɓe, wasunsu suka samu damar zuwa makaranta. Ya raba dubban irin waɗannan tukwane a ƙauyukan Jigawa, kuma a shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Abin da ke burge ni a labarinsa shi ne, bai shigo da komai daga waje ba. Yumɓu ne, da yashi, da ruwa, da idon da bai raina abin gida ba.

Na san akwai mai sauraro da zai ce, "Haba Malam, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya ninka, mudun shinkafa ya gagari talaka, kai kuma kana mana zancen randa?" Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ba na zo in ce maka ka manta da yunwa ba ne, kuma godiya ga Allah ba ta hana mutum neman haƙƙinsa a wurin shugabanni. Abin da nake cewa, wanda tsanani ya rufe wa ido har ya daina ganin ɗan abin da ke hannunsa, ya yi asara biyu. A lokacin tsanani ma, sau da yawa mafita daga cikin waɗannan 'yan abubuwan take fitowa. Bari in ba ka shaida daga Maraɗi.

Bayan farin shekarun 1970, gonakin yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun zama fili fetal. Iska tana kwashe ƙasa, yashi yana binne shuka, mata suna tafiyar nesa neman itacen girki. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana tuƙi a hanyar ƙauye, ya tsaya ya rage wa tayoyinsa iska saboda yashi. A nan idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a bakin hanya, irin wanda kowa yake ɗauka ciyawar banza ce. Ya matsa kusa ya dubi ganyen, sai ya gane bishiya ce da aka sare, kututturenta na da rai, saiwarta na nan a ƙasa, kowace shekara tana tofo, kowace shekara kuma ana sassabe ta kafin shuka. Ashe dajin da ake ta kukan ya tafi yana nan kwance a ƙarƙashin gonaki.

Abin da manoma suka koma yi mai sauƙi ne. Idan an zo sassabe, maimakon a sare tofon duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Da farko an yi wa masu yin haka dariya, ana cewa gonarsu ba ta da tsafta. Sannu a hankali kalgo da sabara da aduwa da gawo suka miƙe. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin kadada miliyan 5 ta sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. An karrama Rinaudo da lambar Right Livelihood a 2018, amma hannayen da suka yi aikin na manoman Maraɗi da Damagaram ne, waɗanda da ma sun san kowace bishiya da amfaninta.

A cikin itatuwan nan gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Duk bishiya da damina take cika da ganye, shi kuwa gawo a lokacin yake zubar da nasa, sai rana ta sauka kai tsaye a kan gero da dawa da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Idan kaka ta wuce, ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba makiyayi inuwa, ya zubo wa awaki da shanu 'ya'yansa a lokacin da babu ciyawa. Tambayi kowane tsohon manomi, zai nuna maka cewa geron gindin gawo ya fi na sauran gonar tsayi da cikar zangarniya. Sau nawa muka zauna a wannan inuwa ba mu ɗaga kai mun dubi abin da ke samanmu ba?

Mu dawo cikin gari. Mai ƙosai ta ƙirga maka naka, sannan ta jefa ɗaya a kai ta ce gyara, alhali ita ma man gyaɗa da wake sun yi mata tsada. Da magariba yara suna kai da kawo da kwanuka tsakanin gidaje, ciyayyar da ta sa gidan da bai ɗora tukunya ba yake kwana da abinci, ba tare da an tona asirin kowa ba. Ga wanda ya ga ƙusa ko fasasshiyar kwalba a kan hanya ya sunkuya ya kawar, ga maƙwabcin da ya sa wa 'ya'yanka ido ranar da ka kai matarka asibiti.

Ga kuma mai ga-ruwa. Idan kurarsa tana ɗauke da jarka 12 masu cin lita 25, to kilo 300 yake turawa a cikin yashi da kwata da rana, daga bakin rijiyar burtsatse zuwa ƙofar gidanka. Yawancinmu cinikin farashi kawai ke haɗa mu da shi. Ba mu san garinsu ba, ba mu san ko ya karya kumallo ba. Gobe idan ya sauke jarkar ƙarshe yana share gumi, kafin ka miƙa masa kuɗin, ka dube shi ka ce, "Sannu da aiki, Malam, ya gida, ya iyali?" Ka ce wa mai ƙosai, "Allah ya yi albarka, Iya." Idan kuma akwai tsohuwar randa a bayan ɗaki da aka jingine tun da aka sayi firji, kafin bazara ta zo, a fito da ita a wanke a kai ƙofar gida.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.