Yadda Masu Bincike Suke Adana Hotunan Cikin Jikin Ɗan Adam

Idan aka shigar da majiyyaci na'urar CT ko ta MRI, abin da take fitarwa shi ne jerin hotunan jiki yanki-yanki, waɗanda sukan kai ɗaruruwa a gwaji guda, kuma yawanci kowane yanki fayil ne mai zaman kansa. A da kowane kamfani da irin tsarin da na'urarsa take rubuta bayanai, ta yadda kwamfutar wannan ba ta iya karanta hoton wancan, har sai da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ta masu ƙera kayan lantarki suka fitar da ƙa'ida ta bai ɗaya a 1985, wadda aka sake wa fasali a 1993 aka raɗa mata suna DICOM.

Fayil ɗin DICOM ya ƙunshi hoton kansa da kuma bayanan da suke manne da shi, kamar sunan majiyyaci, da ranar haihuwarsa, da lambar katinsa, da sunan asibiti, haɗi da kaurin kowane yanki da samfurin na'urar. Wannan tsari yana hana likita ruɗa hoton wani da na wani, amma ga mai bincike, wanda zai raba hotunan da abokan aiki a wasu jami'o'i, amana ce mai nauyi. Saboda haka aikin farko shi ne ɓoye shaidar mai hoton, inda ake maye gurbin sunansa da lamba, a killace takardar da ta haɗa lambar da sunan a wani wuri daban. Ranakun gwaji kuma ba a share su, sai dai a gusar da su duka da adadin kwanaki iri ɗaya, domin tazarar da ke tsakanin hoton farko da na biyu ita ce take nuna saurin girman ƙari ko tasirin magani. Akwai kuma rubutun da na'urar duba ciki takan buga a jikin hoton, wanda dole sai an bi an shafe shi.

Cire suna kaɗai bai wadatar ba, domin hoton MRI na kai yana ɗauke da siffar fuska. A 2019 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka sake gina fuskoki daga irin waɗannan hotuna, kuma manhajar gane fuska ta gano mutum 70 cikin 84 da suka ba da kansu domin gwajin. Irin wannan haɗarin ne ya sa ake amfani da manhajojin da suke goge hanci da baki da idanu, su bar ƙwaƙwalwa yadda take.

Bayan haka, masu nazarin ƙwaƙwalwa sukan haɗe ɗaruruwan yankunan nan su zama fayil guda a tsarin NIfTI, sannan su jera su bisa ƙa'idar BIDS da aka wallafa a 2016, wadda ta tanadi yadda za a sa wa kowane fayil suna da kuma inda za a ajiye shi. Ana barin hotunan asali ba tare da an taɓa su ba, ana aiki a kan kwafi, ana kuma rubuta sunan kowace manhaja da sigar da aka yi amfani da ita, domin wani ya iya maimaita aikin.

Shirin UK Biobank na Birtaniya, wanda ya fara ɗaukar hotuna a 2014 ya kuma cika mutum 100,000 a 2025, ya nuna girman abin da ake iya tarawa idan an bi tsari ɗaya tun daga farko. Duk cibiyar da take son hotunanta su amfani bincike, wajibi ne ta tsara yadda za ta adana su da yadda za ta kare sirrin masu su tun kafin ta ɗauki hoto na farko.