Nonon Aguwa da Sankarar Fata: Darasi Daga Kebbe

A damunar 2019 aka yi mini aike daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe cewa ɗan yayata, wani saurayi zabiya, ya samu gyambo a bayan kunne wanda ya ƙi warkewa. Da na isa, na tarar an riga an kai shi wajen wani dattijo mai magani da ke baje kolinsa a kasuwar Tambuwal. Dattijon ya haɗa masa nonon aguwa da garin wasu sassaƙe, ana shafawa safe da yamma. Cikin mako biyu wurin ya ƙone, ya yi ɓawo, ya bushe. Yayata ta dube ni cikin murna ta ce, "Ka gani ko, ɗan boko? Na gida ma yana yi."

Na yi shiru. Wannan shirun ne nake nadamarsa har yau. Bayan wata bakwai gyambon ya dawo, ya ninka na da, ga kaluluwa a wuya. A asibiti a Sakkwato aka yanki tsoka aka auna, aka ce sankarar fata ce, kuma ta yi nisa. Yaron ya rayu, amma ya rasa kunnen.

Ba na rubuta wannan don in tozarta masu maganin gargajiya ba, domin hasashen dattijon yana da tushe. Manyan magungunan ciwon daji da yawa daga tsirrai aka samo su. Vincristine daga wani furen Madagaska ya fito, Taxol kuma daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka. Ita kanta aguwar da muke shinge da ita tana da 'yar'uwa a Turai da Ostareliya, mai suna Euphorbia peplus. Daga nononta aka tace sinadarin da aka yi man shafawa na Picato, wanda Amurka ta amince da shi a 2012 don magance tabon da rana ke yi wa fata kafin ya rikiɗe ya zama sankara.

To, amma ina labarin ya ƙare? A wani bincike na shekara uku, kashi 6.3 cikin ɗari na masu shafa Picato sun kamu da sankarar fata, alhali kashi 2 ne kawai cikin waɗanda suka shafa wani maganin daban. A 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta dakatar da shi. Mai karatu, duba fa: wannan magani ne da aka tace, aka auna, aka gwada a kan ɗaruruwan mutane, duk da haka sai daga baya aibinsa ya bayyana. Ina ga nonon da aka tatsa a bakin shinge aka zuba a kwalba?

Matsalar tana ga yadda Allah Ya halicci fata. Saman fatar mutum garkuwa ce da ke hana abin waje shiga, ita kuwa sankara saiwa take yi zuwa ciki. Shi ya sa masana ke ta ƙoƙarin naɗe sinadaran tsirrai, irin na gangamau, a cikin ƙananan ƙwayoyin mai da ido ba ya gani, don su ratsa fata su isa inda cutar take. Akasarin wannan aiki bai wuce matakin gwaji ba. Abin da nonon aguwa ko na tinya ke yi shi ne ƙone sama ya bar saiwa, iyali su saki jiki, lokaci ya ƙure.

Mu a nan abin ya fi shafar zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da kariya daga rana, ga shi gona da kiwo ne abincinsu. Sauran jama'a ma ba su tsira ba: tsohon gyambo ko tabon ƙuna yakan juye ya zama sankara, haka nan baƙin tabon da ke girma a tafin ƙafa.

Shawarata uku ce. Duk gyambon da ya haura wata guda bai warke ba, a kai asibiti a auna kafin a shafa masa komai, domin sankarar da aka tara da wuri fiɗa ƙarama takan isar mata. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su riƙa raba wa zabiya malafa da man kariya daga rana. Sannan masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su zauna da masu maganinmu, a tantance abin da ke cikin itatuwan nan, a kai wa NAFDAC ta duba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.