Antibayiros Na Cewa Direbansa Ba Ya Aiki? Ga Inda Za A Duba

A Gawon Nama da ke Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, filash ɗaya kan zaga daga laftof ɗin ɗalibi zuwa shagon buga takardu, a dawo a jona waya da kebul. A irin wannan yanayi, in antibayiros ya nuna "driver offline" ko "not installed", bai kamata a rufe saƙon a wuce ba.

Direba a nan wata 'yar manhaja ce da ke zaune can cikin Windows, tana duba kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi. In ta tsaya, antibayiros zai buɗe lafiya lau, amma bai san abin da ke shigowa ba. Zurfin mazauninta ne ya sa kuskure ɗaya a sabuntawar CrowdStrike, ranar 19 ga Yulin 2024, ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5.

Abu na farko shi ne Restart, ba Shut down ba. A Windows 10 da 11, tsarin Fast Startup yana adana direbobi yadda suke idan an kashe kwamfuta, sai ta tashi da matsalarta. Restart ne ke loda su daga farko. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, musamman in an ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, batirin kuma dama ya gaji.

In saƙon bai tafi ba, a duba kwanan wata. Laftof ta hannu da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan koma shekarun baya, sabuntawa kuma ta ƙi sauka. Sai a duba ko antibayiros biyu ne a ciki, don wasu masu gyara na ɗora nasu a kan wanda suka tarar, direbobin su yi ta karo. A cire ɗaya da manhajar cirewa ta kamfaninsa, a yi Restart, a sauko da sabo daga shafinsa na asali. Kafin nan Microsoft Defender yakan kunna kansa. Wanda aka fasa aka raba kyauta kuwa, gara babu shi.

Waya daban ce. Antibayiros na Android ba ya amfani da irin wannan direba, don haka shafin intanet da ya faɗo yana cewa direban tsaron waya ya ɓace, a sauko da wani, tarko ne. A rufe shi, a buɗe Play Store a sa Play Protect ya bincika wayar.