Matatar Imel: Mai Gadin da Ba a Gani a Ƙofar Sana'a

A shagunan kwamfuta na Batsari da Safana, idan lokacin rajistar JAMB ya zo ko aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, tambayar farko ita ce: "Kana da imel?" Masu POS da 'yan kwangila da ƙungiyoyin manoman rogo su ma sun shigo sahu, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Sai dai akwatin da aka buɗe don neman halal, ta nan macuta ke shigowa. Yau a ce an rufe asusunka, ka turo BVN. Gobe a ce ka ci tallafin da ba ka nema ba.

Matsalar ta daɗe. A watan Mayun 1978 wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya watsa wa kimanin mutum 400 tallar kwamfuta ba tare da sun nema ba, kuma daga nan ake lissafin farkon wannan tarkace.

Kafin wasiƙa ta iso gare ka, sai ta bi ta babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ofis ko kamfani, a nan manhajar tacewa take aiki kamar rariya. Tana fara duba inda saƙon ya fito, ko yana cikin baƙin littafi irin na Spamhaus, ƙungiyar da ke bibiyar masu watsa tarkace tun 1998. Sai ta duba hatimi. Tsare-tsaren SPF da DKIM su ne ke tabbatar da cewa wasiƙar da ke iƙirarin daga banki take, daga bankin ta fito. Bayan nan ta karanta abin da ke ciki. Manhajar SpamAssassin, wadda ta fito a 2001 kuma kyauta ce, maki take bayarwa: kalmomin gaggawa maki, adireshin da aka ɓadda wa kama maki, idan jimla ta kai 5 sai a yi wa saƙon tambari. Tun bayan rubutun da masanin kwamfuta Paul Graham ya yi a 2002 kan tace irin wannan tarkace, matatun suka riƙa koyo daga masu amfani da su. Duk saƙon da ka nuna cewa shara ne, ka ƙara wa matatar basira.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. A 2018 wasiƙar bogi guda ta yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac ya ba da kalmar sirrinsa, aka kwashe kusan dala miliyan 11. Kotun Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke shekara 10 a kan haka a 2021. Idan kamfani mai ƙwararru ya faɗa, ina ga ƙungiyar da mutum biyar ke amfani da kalmar sirri ɗaya?

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika faɗa ba. Matata tana kuskure. Gayyatar tantancewa ko amsar mai ba da tallafi kan faɗa akwatin Spam, Gmail kuma na goge abin da ya kwana 30 a can. Mutanen Batsari da Safana da suka yi watanni babu layin waya a ƙarshen 2021 sun san zafin saƙon da bai iso ba. Haka ma wasiƙarka: ƙungiyar da ta sayi adireshi mai ƙarewa da .ng amma ba ta saita hatiminta ba, tana iya aikawa a jefa mata a shara. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan sharaɗi.

Don haka masu shagunan kwamfuta, ku ne malaman jama'a a nan. Duk wanda kuka buɗe wa imel, ku nuna masa akwatin Spam, ku ce ya riƙa leƙawa kowane mako, ku kuma faɗa masa cewa banki ba ya neman lambar sirri ta wasiƙa.