Sahihi da Baɗili a Zancen Ƙayyade Wutar Amfilifaya

A rumfunan masu gyaran rediyo, inda ake haɗa amfilifaya da hannu domin masallatai da makarantu da wuraren biki, akwai maganganu game da ƙayyade wuta waɗanda yaro ke karɓa daga bakin maigidansa ba tare da neman hujja ba, har suka zama tamkar ijma'i, alhali kuwa wasu sahihai ne, wasu ba su da asali.

Mafi yaɗuwa ita ce wai taransifoma mai amfiya da yawa takan tura wuta fiye da ƙima ta ƙone na'ura. Wannan baɗili ne, domin muddin bolt ɗin ya dace, na'ura ce ke jan gwargwadon buƙatarta. Sai dai ranar da wayoyin lasifika suka haɗe, babbar taransifoma da manyan kafasita sukan kwararo wuta mai yawan gaske, kuma saboda wannan rana ake kafa haddi.

Ana kuma cewa fis ya wadatar, kuma ita ce maganar da ta fi jawo asara. Fis waya ce siririya wadda sai ta yi zafi kafin ta narke, taransisto kuwa yakan mutu tun ba ta fara ɗumi ba. Dubi 2N3055, wanda kamfanin RCA ya fitar a farkon shekarun 1960: an rubuta masa amfiya 15 da wat 115, amma wanda ya yi lissafi zai ga cewa amfiya 15 a kan bolt 40 wat 600 ne, fiye da ninki biyar na abin da zai iya ɗauka, ko da an ɗaure shi a kan ƙarfen sanyaya mai kyau. Aikin fis shi ne tsare taransifoma da hana gobara, don haka mai ɗaura masa wayar tagulla ya yi ganganci da dukiyar mutane. In yana yawan tsinkewa lokacin kunnawa, a nemi mai jinkiri, wanda ke da alamar T.

Masu cewa ƙayyadewa na ɓata sauti suna da rabin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Amfilifaya mai wat 100 a kan lasifika mai om 8 takan ja amfiya 5 a ƙololuwar sauti, idan kuwa aka jera lasifika biyu kafaɗa da kafaɗa suka koma om 4, buƙatar ta kai wajen amfiya 10. To wanda ya kafa haddinsa a amfiya 3, lalle zai ji murya na shaƙewa duk sa'ad da ladan ya ɗaga ta. Laifin na mizani ne. Ana kafa haddin ne da wani ƙaramin taransisto mai gadi, wanda ke farkawa idan wajen bolt 0.6 ya bayyana a kan rasistar da ke auna wutar, saboda haka rasista mai om 0.1 tana ba da haddin amfiya 6, kuma wajibi ne a zaɓe ta bisa lasifikar da za a ɗora.

Amma zancen saka ƙwan fitila a jere da wayar wuta yayin gwajin farko, wannan sahihi ne, ina kuma roƙon kowane mai koyo ya lazimce shi. Ƙwai mai zare, na wat 60 ko 100, yakan yi haske ya dushe idan na'ura lafiya take, ya kuma tsaya da haske idan akwai aibi. Ƙwan LED ba ya wannan aiki. Ƙwan kuma ba ya kare mutum daga jan wutar bolt 230, kafasita ma sukan riƙe caji bayan an kashe, sai an sauke shi da rasista kafin a sa hannu.