Ƙawar Hannu a Ƙananan Takardun Ƙasar Gobir

Masu binciken rubuce-rubucen ƙasar Gobir sun fi karkata ga manyan littattafai da wasiƙun sarakuna. Ba abin mamaki ba ne, gama Alƙalawa, wadda Muhammadu Bello ya ci a 1808, tana tsakiyar labarin jihadi, wasiƙun da aka tarar a gidan Waziri Buhari na Sakkwato a 1903 kuwa tun 1927 Backwell ya buga fassararsu. Amma akwai wani irin rubutu da ba a cika waiwayarsa ba, watau 'yar takardar bashi ta ɗan kasuwar Sabon Birni, da ranar haihuwa da malami ke rubutawa a bayan littafinsa, da jerin taurarin damina da masu hisabi ke tsarawa domin manoma.

Wanda ya ƙura wa irin waɗannan ido zai tarar da hannun makarantar allo sarai. Fa na da ɗigo a ƙasa, ƙaf na da ɗigo ɗaya a sama, bisa tsarin Magrib, ga kuma ɗigon imala na ruwayar Warshu, wanda Bahaushe ya ara ya mai da shi wasalin "e". Sunayen baƙaƙen ma sifa suke bayyanawa: ba guje, lam jaye. Yaron da ya koyi harafi da sunan tafiyarsa, lalle idan ya girma ba zai ajiye shi sandararre ba, ko da lissafin dami yake yi.

Ƙawar ta fi fitowa inda wuri ya ƙure. Takarda ta yi tsada a dā, wadda ta fi yawa ma daga Italiya take zuwa da tambarin jinjirin wata uku. Saboda haka marubuci kan cika tsakiya, sa'an nan ya juya takardar ya bi gefe a karkace, ya ja wutsiyar nun ta tallafi kalmar da ke biye. Ba don burgewa ya yi ba, larura ce ta sa, amma idon da ya saba da zayyana shi ya raba masa filin.

Irin waɗannan takardu ba safai ake kai su ɗakin ajiya ba. Gara da ɗigar ɗaki sun daɗe suna cin rabonsu. Harin 'yan bindiga da ya tsananta a Sabon Birni da Isa a 2021 ya tashi ƙauyuka da dama, mai gudun ceton rai kuwa in ya sami sarari gafakar Alƙur'ani zai rataya, takardar bashin kakansa ta tsaya a ɗaki.